Irin Shinkafar da Na Kai Wa Yaya Asabe

Tun da na dawo daga Kandi ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Doka, kafin in gama shimfiɗa rigar da nake ɗinki a cinya wani ya ce, "Malam Garba, ya ƙasar Faransa?" Kandi dai a Jamhuriyar Benin take, amma wurin mutanenmu duk inda ake cin dogon burodi Faransa ce. Wannan ya tambayi mata masu tuƙa babur, wancan ya tambayi maganin ciyawar da na yi ta cika baki zan samo. Nakan ba su na dariyar in haɗiye sauran. To na gaji da haɗiyewa, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Tun daga farko ku sani, tafiyar nan ta jawo wa yayata asarar shinkafar shekara, ta kuma taɓa mata sunan da ta daɗe tana tattali a garin da ba nata ba.

Sana'ata ɗinkin babbar riga, amma kamar yawancin 'yan birni ina da gonar gado a bakin kogin Galma. A can nake noma wata 'yar gajeriyar shinkafa mai ƙamshi da Babanmu ya bar mana, muna ce mata 'yar gida. Tun da maganin feshi ya shigo na jingine fartanya. Akwai wanda muke kira kashe-duka, ka fesa kafin shuka, bayan mako ka dawo ka tarar da gona ta yi ja kamar an bi ta da wuta. Shi nake fesawa kowace shekara, ban taɓa sauyawa ba, don ban ga dalili ba. Ana nan sai na lura da tuji a kusurwar gona, gindin tsamiya, ta ƙi mutuwa. Wanda bai san tuji ba, ita ce ciyawar nan mai kwanciya a ƙasa, kanta a rarrabe kamar yatsun kaza, saiwarta kuwa sai ka ce ɗinke ta aka yi da ƙasa. Shekara na zagayowa ta bar kusurwa ta shigo tsakiya. Na ƙara magani, daga gwangwanin madara ɗaya zuwa biyu. Aka ce in zuba gishiri a famfon feshi, na zuba. Aka ce kalanzir da garin sabulu, na zuba. Mai shagon da nake saye a Tudun Wada ya sauya mini kwalba har sau uku, ita kuwa tuji tana nan kore shar. Daga ƙarshe wani direban babbar mota ya ce mana ai duk na Nijeriya jabu ne, na ainihin yana wurin manoman auduga na Benin.

Da ma ina da bashin zumunci a can. Yaya Asabe ita ce babbarmu, ita ta goye ni, kuma har yau da furfurata Auta take kirana. Tun ina saurayi wani ɗan kasuwar kanwa ya aure ta ya tafi da ita Kandi. Ya rasu, 'ya'yanta maza suna Kwatano, ita kuwa ta ƙi barin ɗakinta da 'yar gonar da ya bar mata a bayan gari. Duk sa'ad da muka yi waya sai ta ce babu abin da take kewa kamar ƙamshin 'yar gida in an buɗe tukunya. Sai na ce to, in kai mata iri, in dawo da magani. Na ɗebi rabin buhu na shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga wadda muka buge a ƙasa nan cikin gona. Mai ɗakina Binta ta ce in kawo ta sheƙe ta, ta bi ta da rariya. Na ce mata ba ci za a yi ba, iri ne, ƙasa za a ba wa. Ta ce to, ta ci gaba da aikinta.

Na shiga motar Sakkwato a Kwangila, ruwan farko bai daɗe da sauka ba. Daga Funtuwa zuwa Gusau ba wanda ya ce uffan sai motsin leɓe, kun san halin da hanyar take ciki. Wani mai sayar da albasa da ke gefena ya riƙe gwiwata tamau, yana zaton tasa ce. Sai da muka wuce Talatar Mafara baki ya buɗe, ya saki gwiwar ya ce in yafe shi, sannan ya shiga ba ni labarin ya taɓa korar ɓarayi shi kaɗai da sanda. A Sakkwato na sauya mota zuwa Jega, a can na kwana a zauren wani mai masauki kusa da tasha. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Mutanen Kabi ba su san a ja hannu da kifi ba, kai guda aka ɗora mini yana kallona. Na ci, ina gaya wa mai masaukin cewa shinkafarsu ba laifi, amma bai ji ƙamshin tamu ba. Ya ce haka duk Bazazzagin da ya taɓa sauka wurinsa yake faɗa, kuma bai ga wanda ya rage tuwon ba.

Washegari muka kama hanyar Bagudo a wata tsohuwar mota, an cusa buhuna a but tare da ragon wani fasinja. Da muka tsaya a gadar Tuga don direba ya zuba wa injin ruwa, sai na tarar ragon ya huda buhun ya yi karin kumallo, shinkafa tana tsiyaya ta ƙasan but ɗin da tsatsa ta cinye. Mai ragon ya ce dabba ce. Na ce na gani, ai ban ce malamin makaranta ba ne. Na zaro allura daga hulata na kama ramin da ɗinkin da ko a wuyan rigar hakimi ba zan ji kunyarsa ba, fasinjoji suka kewaye ni suna yabawa. A lokacin takaicina bai wuce 'yar tiyar da na rasa ba. Yanzu in na tuna, nakan yi tunanin tsawon hanyar da na bi ina shuka ban sani ba.

A Tsamiya ake barin Nijeriya. Namu ma'aikatan ba su tsananta ba, suka buga hatimi suka ce in gaida gida. Da muka shiga ɗaya ɓangaren, bayan jandarmomi sun gama da takardunmu, sai wani siririn mutum mai tabarau ya fito daga wata rumfa, riƙe da ƙarfen nan mai rami da 'yan kasuwar hatsi ke soka wa buhu. Aikinsa duba tsirrai da iri. Ya soka, ya zuba a tafin hannu, ya baza da yatsa.

"Baba, wannan na ci ne ko na shuka?" ya ce da Hausa.

Da na ce na ci ne, da tuni na wuce. Amma ina alfahari da irina. Na ce, "Na shuka ne, kuma babu irinsa a ƙasarku."

"To iri ba ya wucewa haka. Ka ga waɗannan baƙaƙen ƙanana? 'Ya'yan ciyawa ne. Ko ka bar shi a duba, ko ka koma Tsamiya a rairaye maka, gobe ka dawo."

Direba ya fara danna oda, rana ta take. Ni kuwa kunnena ya riga ya tsinci wani abu a harshensa. Na ce, "Kai, ɗan wace unguwa ne a Kano?"

Ya yi murmushi. "Mahaifiyata 'yar Fagge ce. A can na yi karatun allo."

Shi ke nan, na samu. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Kanawa tun kaka da kakanni. Na gyara tsayuwa na ce, "Ashe bawana ne. Yaushe Bakano ya fara binciken kayan ubangidansa?"

"Au, Bazazzagi ne," in ji shi. "Shi ya sa na ga hula ta fi kai girma. Ku da ba ku san komai ba sai fate, ina kuka samo shinkafa?"

Na ce Bakano ko ciyawa ya gani a tafin hannu sai ya tambayi nawa-nawa. Fasinjoji suka fashe da dariya, har jandarman da ba ya jin Hausa ya taya su. Mutumin ya yi dariya shi ma, sannan ya yi ƙoƙarin komawa kan aikinsa, ya ce, "Baba, wasa daban, amma wannan abin..." Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce a gaban jama'a zai hana abokin wasansa kai wa yayarsa tsaraba, tsohuwar da mijinta ya rasu? In kakarsa ta Fagge ta ji, me zai ce mata? Ya dubi mutane, ya dube ni. Ba a mayar da abokin wasa baya a bainar jama'a, shi ya sani, ni ma na san ya sani.

"Ka yi mini alkawari za ka rairaye shi kafin a shuka," ya ce a hankali.

Na ce na yi. Ƙwayoyin da ke tafinsa bai watsar a ƙasa ba, takarda ya samu ya ƙunshe su ya sa a aljihu. Na nuna wa fasinjoji na ce su dubi rowar Bakano, ko wannan ba zai bari ba. Har muka isa Segbana ana maimaita maganar ana dariya, alkawarin kuwa ban sake tunawa da shi ba.

Kandi gari ne mai natsuwa, ba irin hayaniyarmu. Abin da ya fara ɗaure mini kai matan da ke tuƙa babur, wata da goyo a baya, wata da tulin kaya, ba mai ko waiwayensu. A birninmu da an yi mako ana zancen. Da rana ta take sai a rufe ofisoshi da manyan shaguna, kowa ya tafi ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. Na ce wa Yaya in Kanawa suka ji wannan sai sun suma. Da safe kofi ne da madarar gwangwani da dogon burodin nan mai ɓawo, wanda ya kusa raba ni da haƙorin gaba. Akwai wani cuku na Fulani da suke rina bayansa ja, suna ce masa wagashi, a soya a jefa a miyar gyaɗa a ci da sakwara. Wannan kam na sallama musu. Man fetur kuwa a kwalabe yake bakin titi, kuma namu ne, ya riga ni tsallakowa.

Yaya ta tsufa fiye da yadda muryarta ke nunawa a waya, gwiwoyinta sun ƙi. Da na kwance bakin buhun ta tsoma hannu biyu ta kai hanci, sai hawaye. Ta ce, "Auta, ƙamshin rumbun Baba." Nan take ta ce a ɗora tukunya ta turara, mu ci tare. Ni na hana. Na ce in ta ci ta ci ke nan, in ta shuka kuwa kowace shekara za ta ci. Na yi ta nanata mata cewa iri ne, kada a taɓa. Har yau in na tuna yadda na dage kan wannan magana sai in yi da-na-sani.

Tsaraba kuwa ba a cin ta a ɓoye, ko a Zariya ko a Kandi. Da gari ya waye Yaya ta jera kwanoni, ta zuba wa maƙwabta kowa da nasa, tana aikawa da saƙon cewa irin gidan ubanta ne daga Zazzau. Kwano mafi girma na Baba Woru ne, wani dattijo Babarge, wato ɗan ƙabilar yankin, da ke da shanun huɗa. Tun rasuwar mijinta shi yake yi mata huɗa duk shekara, bai taɓa karɓar ko goro ba. A zaman da na yi na ga matsayinta a unguwar. Ita ake kira in haihuwa ta zo da gardama, ita ke raba faɗan mata a bakin famfo, ko yaran da ba Hausawa ba Inna Asabe suke ce mata. Aka yi ruwa mai kyau a makon, kowa ya shuka. Ni da kaina na bi Yaya ina jefa iri a rami tana rufewa da diddige.

Maganar magani kuwa sai ta ja. Masu shago suka ce in nemi malamar gona ta manoman auduga, wata Madam Bake, ita ta san kan abin. Lokacin rabon irin auduga ne, kullum tana ƙauye. In na je da safe a ce ta fita, in na je da rana in tarar da ƙofa a rufe ana barcin nan nasu. Ga zazzaɓi ya kayar da ni 'yan kwanaki. Kafin in same ta shinkafa ta tsiro ta yi kore, layi-layi gwanin sha'awa.

Mace ce kakkaura mai fara'a, da hular kwano a hannu, Hausarta ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Na nuna mata hotunan kwalaben nan uku a wayata. Ta buɗa hoton da yatsu, ta nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasan babban sunan. Iri ɗaya ne a duka ukun.

"Malam, riga uku, mutum ɗaya," in ji ta. "Shi muke da shi a nan ma. Naka ba jabu ba ne."

Na ce to me ya sa tuji ta daina jin sa, ko sabawa ta yi?

"Ba sabawa ba ne. Kai manomi ne. In za ka ajiye iri, wanne kake zaɓa?"

Na ce wanda ya fi ƙwari.

"Haka ka yi wa ciyawar. Cikin dubbai akwai 'yan kaɗan da Allah ya halitta maganin ba ya kama su. Ka kashe sauran, ka bar musu fili, suka zuba 'ya'ya. Shekara ta zagayo ka sake fesa shi, ka sake zaɓar su. Kai ka yi mata zaɓen iri."

Ta ce babu kwalbar da za ta fisshe ni ita kaɗai. Sai in huta da shinkafa a wurin in sa wake ko waken suya, don a cikinsu ana iya amfani da wani magani na daban da ke kama dangin ciyawa kawai, shi ma kada in nace masa shekara da shekaru. In dawo da garma da fartanya. Duk wadda ta tsira bayan feshi in tumɓuke ta kafin ta fid da kai, in fitar da ita daga gona. Ina jin ta ina gyaɗa kai, raina a ɓace, don na yi doguwar tafiya ne a ce mini in koma ga fartanyar da na jingine. Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ka kula, tana tafiya. A tayar tarakta, a kashin shanu, a cikin iri. Kada ka ba kowa iri daga gonar nan sai an tsabtace shi sosai."

Na tuno siririn mutumin nan na bakin iyaka yana ƙunshe ƙwayoyi a takarda, sai a lokacin na gane abin da ya hana shi watsar da su. Na gaya mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, hular kwanonta kawai ta kifa ta ce in hau. Haka na ratsa Kandi a bayan mace a kan babur, kuma wallahi ko kunyar ban samu sararin ji ba.

A gonar Yaya ta durƙusa ta buɗa gindin shinkafa. Tsakanin layi da layi ƙasa fes take, amma a cikin ramin shuka, manne da shinkafar, ga tuji ƙanana. Ba a kowane rami ba, amma in ka wuce biyu za ka samu a na uku. Ta ce tuji ai akwai ta a Kandi ma, kada mu yanke hukunci. Ta haƙo wasu da ƙasarsu ta sa a fasasshiyar tukunya, ta haƙo na bakin hanya ta sa a wata, ta fesa musu kashe-duka daidai da juna, ta ce mu jira. Kwanakin nan ban ji daɗin wagashi ba. Kullum da safe sai in leƙa bayan ɗaki in duba. Ta bakin hanya ta yi rawaya, ta kwanta, ta bushe. Tawa ta ɗan yi laushi, sannan ta miƙe ta fitar da sabon ganye. Na san ta sarai, ita ce ta gindin tsamiya.

Madam Bake ta shimfiɗa wa Yaya magana a tsakar gida. Ta ce ana iya bin tujin da hannu rami-rami har kaka, amma tana ƙarama kama take da shinkafar, saiwarsu a sarƙe, kuma in ɗaya ta kuɓuta ta zuba 'ya'ya an shiga uku. Mai gwiwa irin ta Yaya ba za ta iya ba. Abin da ya fi tabbas a kife shukar duka da garma tun yanzu, a jira abin da zai sake tsirowa a nome, sannan a sa wake. Shinkafar bana dai ta tafi. Yaya ta saurara tana murza bakin zanenta. Abin da ta fara tambaya ba gonarta ba ce.

"Waɗanda na ba fa?"

"Su ma haka, Inna."

Na ce ni zan bi gidajen, ni na kawo, ni zan faɗa. Ta ce, "Ba kai ka ba su ba, Auta. Ni na ba su." Ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta. Na bi ta a baya kamar yadda nake bin ta zuwa rijiya ina yaro. A kowace ƙofa sai ta yi sallama, ta gaisa har ta gama, sannan ta ce kyautar da ta aiko akwai cuta a ciki, tana roƙon a kife ta. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan nauyi a baki ba, mutum ya bi kyautarsa yana neman a binne ta. Wasu suka ce ba komai, da ma 'yar kaɗan ce a bayan gida. Wata mata ta ce da Dandanci, ɗaya daga yarukan garin, abin da ban ji ba, Yaya kuma ta ƙi fassara mini.

Gidan Baba Woru muka je a ƙarshe. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce shi bai shuka nasa daban ba. Da ya ji ƙamshin, sai ya gauraya shi da nasa irin ya watsa a fadamarsa gaba ɗaya, don ƙamshin ya bi ko'ina. Fadamar nan ita ke ciyar da gidansa, mutum fiye da yadda zan iya ƙirgawa a tsaye. Ya ce, "Asabe, in na kife ta me za su ci?" Ya ce za su bi da hannu, abin da ido ya gani za su cire, wanda bai gani ba sai Allah. Bai ɗaga murya ba, bai ko dube ni ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Duk da haka shi ya zo da shanunsa ya kife gonar Yaya. Na tsaya a bakin gona ina kallon garma tana juya 'yar gida, koren yana shigewa ƙarƙashin ƙasa layi bayan layi. Yaya ta zauna a kan kututture ba ta kawar da kai ba har aka gama. Na kama fartanya na yi ta bin abin da ya sake tsirowa har tafin hannuna ya yi kanta, hannun da ya saba da allura. Na je fadamar Baba Woru ma na taya su cira, suka ba ni wuri ba tare da hira ba. A can na ji ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ɗaga wata ya nuna wa ɗan'uwansa, ya yi magana da yarensu. Kalma ɗaya na tsinta a ciki, Asabe. Na tambayi Madam Bake daga baya, ta ce haka suka fara kiran ciyawar da na kawo, don su bambanta ta da tujin garinsu. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, yau sunanta ne a kan ciyawar da ba ta jin magani. Ban gaya wa Yaya ba, amma na tabbata ta riga ni ji.

Ranar da zan taho na fito na tarar da ita a bakin murhu da faifai a cinya. Ashe ta ɓoye ɗan kwano guda tun ranar farko, ba ta bi umarnina duka ba. Ta cashe ta, ta sheƙe, tana tsince ta ƙwaya-ƙwaya, duk abin da ta fitar sai ta zuba a wuta. Ta dafa mana da man shanu. Ƙamshin ya cika gidan kamar yadda yake cika namu muna yara. Muka ci a kwano ɗaya, ta tura mini loma ta ƙarshe kamar yadda ta saba.

Ta rako ni tasha tana dogara sanda, da ƙullin wagashi da man kaɗe na Binta. Na yi ta neman abin da zan ce. Daga ƙarshe na ce mata in Allah ya kai mu kaka zan dawo, kuma zan kawo mata buhun shinkafa casasshiya, da atamfa, da duk abin da take so daga gida. Ta gyara mini wuyan riga, ta kakkaɓe wata ƙura da ni ban gani ba.

"Ka dawo, Auta, ina son ganinka," ta ce. "Amma don Allah ka zo hannu rabbana."

A bakin iyaka na leƙa rumfar mai tabarau, ina so in gaya masa ban cika alkawarin ba. Aka ce an sauya masa wurin aiki. Na tsallako ba a tambaye ni komai ba, don ba ni ɗauke da abin da za a soka wa ƙarfe.